A rubuta burin yaro kafin a shiga da shi tiyata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana da iyayen yaran da ake yi wa aikin ƙafa, musamman waɗanda gaɓoɓinsu suka sandare bayan shawara mai tsanani ko jinkirin kuka lokacin haihuwa ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Duk uban da ka tambaya a Asibitin Ƙashi na Dala me yake fata, zai ce yaro ya tashi ya yi tafiya. Addu'a ce mai kyau, amma ba ta aunuwa, shi ya sa gida kan karaya wata uku bayan aiki.

Tiyata ƙafa take miƙarwa, ba ta gyara ƙwaƙwalwa. Likitoci sun raba yaran nan mataki 5 gwargwadon iya motsinsu, kuma galibi yaro a matakinsa yake zama ko bayan aiki. Abin da ke sauyawa shi ne nisan da zai kai da irin taimakon da zai nema.

Ma'aunin da masu gashin ƙashi ke amfani da shi tazara uku yake dubawa: mita 5, 50 da 500. A gidajenmu, ta farko daga tabarma zuwa ƙofar ɗaki ce, ta biyu daga soro zuwa masallacin layi, ta uku zuwa titi inda ake tarar A Daidaita Sahu. A kowace, a rubuta yadda yake zuwa yau (rarrafe, goyo, keken da ake turawa ko sanda biyu) da yadda ake so ya je bayan wata 6 da wata 12. A tambayi uwa, ita ke goyon. A tambayi yaron ma, wani duk burinsa ya shiga banɗaki ba a riƙe shi ba.

Maganar banɗakin nan a faɗa wa likita tun wuri. Takalmin robar da ke riƙe idon sawu yana hana tsugunno, sai a tanadi kujera mai huda. Haka dokin ƙofa da kwatar lungu, a sa su cikin lissafi. Kada kuma a matsa wa likita sai diddige ya taɓa ƙasa ko ta halin ƙaƙa: idan aka tsawaita agara (jijiyar bayan diddige) fiye da kima, gwiwa kan lanƙwashe yaro ya koma tafiya a durƙushe, gyaran wannan ya fi wuya.

Filasta kan kai mako 6. A riƙa duba yatsu kullum. Kumburi, sauyin launi ko wari, a koma asibiti ranar. Bayan an cire, yaro kan yi rauni fiye da yadda yake kafin aikin, kuma idan an taɓa ƙashi, ribar aikin kan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu. Nan ake daina zuwa gashi a nufi mai ɗori, jijiyar ta sake tsukewa. Takardar burin a riƙa zuwa da ita duk ranar ganin likita, a sake ta idan yaro ya ƙara tsawo.

Naku,
Wasu ma'aikatan gashin ƙashi, Kano