Barka da Sallah daga Greensboro, da roƙo ɗaya a kan ƙwallon Auta

Greensboro, Karolina ta Arewa, Amurka
Laraba, 1 ga Shawwal 1445, daidai da 10 ga Afrilu 2024

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, Inna, barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya maimaita mana, Ya jiƙan magabatanmu. Ina gaida Yaya da maiɗakinsa da yara, ina gaida Goggo, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Auta, barka da shan ruwa. Kai za ka karanta wa su Baba wannan wasiƙa, kuma kada ka tsallake ko layi ɗaya, har wurin da ba zai yi maka daɗi ba.

Mu ma yau muka yi idi, sai dai lokacin da muke sahu ku kun kai azahar. Garin nan akwai 'yan Nijar da yawa, Zabarmawa da Hausawa, saboda haka ban rasa wanda zan ce wa barka da Sallah da harshenmu ba. Wani maƙwabcina mutumin Maraɗi ya ja ni gidansa, matarsa ta yi waina da miyar taushe, muka ci muka yi hamdala. Amma babu algaita, babu dawaki, shaguna a buɗe, motoci na ta wucewa kamar kowace Laraba. Saƙon da na turo ta hannun Yaya na goron Sallah ne, a fitar wa Goggo da nata tukuna.

Baba, Yaya ya gaya mini kun hana Auta zuwa filin ƙwallon kwando na Samaru tun kafin azumi, don kuna gudun kada ta cinye masa karatu da salla. Ban isa in ja da maganarku ba, kuma tsoron naku yana kan hanya. Alfarma kawai nake nema ku saurari abin da na gani a azumin nan, daga nan abin da kuka yanke shi ke nan.

A jihar nan ƙwallon kwando ta 'yan jami'a ta fi ta ƙwararru farin jini. Manyan jami'o'in wannan yanki suna da ƙungiya da ake kira ACC, kuma a gefen garin nan aka kafa ta, a wani masauki mai suna Sedgefield, ranar 8 ga Mayu 1953. Jami'o'i bakwai ne suka ɓalle daga tsohuwar ƙungiyar kudu, Virginia ta shigo ta zama ta takwas kafin shekarar ta ƙare. Suna kwashe hunturu suna karawa gida da waje, sai a watan Maris a tara su a gari ɗaya a yi sili ɗaya ƙwale. Duk wanda ya ci wannan gasa ta 'yan kwanaki shi ne zakara, ko da kuwa ya sha kashi duk tsawon kakar. An fara a 1954 a garin Raleigh, a zauren Reynolds na jami'ar NC State, masu gida suka doke Wake Forest da 82 da 80 bayan ƙarin lokaci.

Yawancin labarin daga bakin wani dattijo baƙar fata na fara jin sa, wanda muke aiki tare a rumbun ajiyar kaya. Shekara da shekaru yana bayan NC State, jar hularsa har ta koɗe. Shi ya ce mini suna 'yan makaranta, ranar Juma'ar gasar malamai da kansu suke turo talabijin a kan amalanke zuwa cikin aji, a ajiye alli a kalli wasa. Duk wanda na tambaya cikin waɗanda suka tashi a nan haka yake faɗa. Abin da ranar hawan Sallah take a wurinmu a Zariya, kusan haka makon nan yake a wurinsu.

Mutumin da ya dasa wannan so sunansa Everett Case. Daga jihar Indiyana ya zo horar da NC State a 1946, kuma shi ya kawo musu al'adar yanke ragar kwando idan an ci kofi. Shi ya ɗauki gasa uku na farko a jere. Daga baya ciwon daji ya kama shi, ya ajiye aiki a farkon kakar da ta ƙare a 1965. A wannan shekarar yaransa suka ci gasar a ƙarƙashin mataimakinsa, sai suka nufi gefen fili inda yake zaune a keken marasa lafiya, suka ɗaga shi sama, aka miƙa masa almakashi ya yanke ragar da hannunsa. Ya rasu a 1966, kuma har yau lambar gwarzon gasar sunansa take ɗauke da shi. Baba, da na ji wannan sai na ce ashe a filin wasa ma ana koya wa yaro sanin girman malaminsa.

Abin da ya sa gasar ta yi zafi a da shi ne, jami'a ɗaya tak kowace ƙungiya take turawa gasar ƙasa baki ɗaya. A ACC kuwa wanda ya ci gasar Maris shi ke tafiya. Ka yi wata uku ba a kayar da kai ba, dare ɗaya ƙafarka ta zame, an gama da kai. Haka ta faru da Karolina ta Kudu a 1970. Ta ci dukkan wasanninta 14 na cikin ƙungiya, ta zo wasan ƙarshe NC State ta kayar da ita 42 da 39 bayan ƙarin lokaci har sau biyu. Masu horarwa da yawa sun tsani tsarin, suna ganin zalunci ne. Tsoron faɗuwa har ya sa wasu suke riƙe ƙwallo su ƙi jefawa, domin a lokacin babu agogon da ke tilasta jifa. Auta, ka ji wannan: a 1968 an tashi wasan kusa da na ƙarshe NC State tana da maki 12, Duke tana da 10. Ba rabin wasa ba, duka wasan ke nan.

Wasan da dattijon nan ba ya gajiya da ba da labarinsa shi ne na 9 ga Maris 1974, bana shekara hamsin cif, a babban zauren wasanni na Greensboro da nake wucewa ta gabansa in zan tafi aiki. NC State ce ta ɗaya a duk Amurka, Maryland ta huɗu, kuma dole ɗaya ta zauna a gida. NC State tana da David Thompson, mai tsallen da har yau ake maganarsa, da wani dogo Tom Burleson wanda ya ci maki 38 a daren. Maryland tana da John Lucas da Len Elmore da Tom McMillen. Babu wanda ya riƙe ƙwallo, gudu aka yi ta yi daga farko har ƙarshe, aka tashi 103 da 100 bayan ƙarin lokaci. 'Yan Maryland suka koma gida, aka gayyace su wata ƙaramar gasa suka ce sun gode. NC State ta wuce gasar ƙasa ta kayar da jami'ar UCLA, wadda ta yi shekara bakwai a jere tana riƙe da kofin ƙasa, ta kuma ɗauki kofin a wannan zauren dai. Shekarar da ta biyo baya hukumar wasannin jami'o'i ta faɗaɗa gasar ƙasa zuwa jami'o'i 32, ta yarda ƙungiya ɗaya ta tura fiye da jami'a ɗaya. Abin da ya sami Maryland yana cikin manyan dalilai.

Akwai ɓangaren da dattijon yake sassauta murya in ya zo kansa. Shekarun farko na gasar babu baƙar fata ko ɗaya a fili. Jami'o'in baƙaƙe tasu gasar suke yi daban, ta ƙungiyar CIAA, wadda aka fara tun 1946 kuma tana nan har yau. Sai a tsakiyar shekarun 1960 Billy Jones na Maryland ya buɗe ƙofa. Charlie Scott ya biyo baya a Jami'ar Karolina ta Chapel Hill, yana wasa ana zaginsa daga kan kujeru a wasu garuruwa, amma a wasan ƙarshe na 1969 ya zuba wa Duke maki 40. A garin nan ne kuma ɗalibai huɗu baƙaƙe suka zauna a kantin Woolworth a 1960 suka ƙi tashi sai an sayar musu da abinci kamar kowa. Duk wanda ya zo daga Afirka yana cin arziki a nan, ya san akwai waɗanda suka sha wuya kafinsa.

Mu ma muna da hannu a tarihin, ko da yake ta ɓangaren da aka ji zafi. A 1983 NC State ba ta da tabbacin shiga gasar ƙasa sai ta ci ta ACC. Ta kayar da Karolina mai Michael Jordan, ta kayar da Virginia, ta ci gaba har wasan ƙarshe na ƙasa, inda ta haɗu da Houston mai ɗan Legas Hakeem Olajuwon. A daƙiƙar ƙarshe aka ci su 54 da 52. Duk da haka Olajuwon aka ba lambar gwarzo, alhali ƙungiyarsa ce ta faɗi.

To, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bana an yi gasar a Washington daga 12 zuwa 16 ga Maris, wato makon farko na azumi. NC State ta shigo a matsayi na goma, ta sha kashi a wasanni huɗu na ƙarshe a jere, ana ta raɗe-raɗin za a sallami mai horar da ita, Kevin Keatts. Sai ta ci wasa biyar cikin kwana biyar kafin ta ga kofi, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin ACC. Ta wuce Louisville, ta wuce Syracuse, ta kayar da Duke. Daren Juma'a Virginia tana gabanta da maki uku, saura 'yan daƙiƙu, wani yaro Michael O'Connell ya wurga ƙwallo daga nesa, ta bugi allo, ta yi ta juyi a bakin ƙarfen, sannan ta faɗa ciki. Aka tafi ƙarin lokaci suka ci.

A cikinsu akwai Mohamed Diarra, Musulmi, haifaffen Faransa. Yaron nan da azumi a bakinsa ya yi makon. Aikinsa shi ne mafi wahala a fili, wato kokawar cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando a tsakanin ƙarti. Sau 60 ya cafe a kwana biyar, ya karya tarihin da Tim Duncan ya kafa a gasar. Wasan farko tun rana ba ta faɗi ba aka yi shi. A gasar ƙasa da ta biyo baya ma akwai ranar da ana tsakiyar wasa magariba ta yi, sai a gefen fili ya sha ruwa ya koma. Masu sharhi a talabijin suka riƙa yi wa Amurkawa bayanin mene ne Ramadan. Ni da nake ɗaga kwalaye da azumi ina jin jiri kafin la'asar, na san abin da jikin yaron yake gaya masa.

Wasan ƙarshe da Karolina ya zo daidai lokacin isha'i da asham. Da aka sallame muka fito, muka taru mu da yawa a bakin motar wani ɗan Damagaram, kowa ya sunkuyo kan waya ɗaya da aka jingina a gilashi. Akwai 'yan Sudan, akwai 'yan Senegal, rabinmu ba su san dokar wasan ba, Diarra kawai suke nema da ido. Da aka tashi 84 da 76 sai kabbara ta tashi a wurin ajiye motoci. Rabon NC State da wannan kofi tun 1987. Ranar Litinin dattijona ya zo aiki muryarsa a dishe, ya kama hannuna da hannu biyu, ya tambaye ni da gaske ne ko ruwa yaron ba ya sha. Na ce da gaske ne. Tun ranar ya daina cin abincin rana a gabana har azumi ya ƙare. Sun ci gaba har cikin huɗun ƙarshe na ƙasa, Purdue ta tsayar da su ranar Asabar da ta wuce.

Ba zan ce muku komai na harkar nan mai kyau ne ba. Kuɗin talabijin ya shiga ya yi kane-kane. Maryland da aka kafa ƙungiyar da ita ta fice a 2014 ta bi inda ya fi maiƙo, bara an ɗauke ofishin ƙungiyar daga Greensboro an kai Charlotte, bana kuma za a shigo da jami'o'i biyu daga Kalifoniya da ɗaya daga Texas. Ɗalibi zai riƙa ƙetare faɗin Amurka a jirgi don wasa ɗaya, yaushe zai zauna a aji? Wannan ban ga alherinsa ba, mutanen garin nan ma ransu a ɓace yake.

Auta, ga naka. Duk 'yan wasan da na lissafa ɗalibai ne, kuma wanda makinsa na jarrabawa ya faɗi ba ya taka fili, komai iyawarsa. Cikin dubban da ke wasa a jami'o'i, ƙalilan ne ƙwarai suke zama ƙwararru, saura takardar digiri ce take ciyar da su. Masai Ujiri da kuke alfahari da shi a nan Zariya ya tashi, kuma ba da jifa ya yi suna ba, da kai ya yi, har ya jagoranci Toronto ta ci kofi a 2019. Idan Baba ya sassauta, sharaɗina shi ne sakamakon jarrabawarka ya riƙa zuwa mini kowane zango, kuma kiran magariba ya same ka a gida.

Baba, roƙona ke nan: a bar shi ya riƙa zuwa ranakun Asabar da Lahadi, a gwada shi zuwa Babbar Sallah. In ya saɓa, ni da kaina zan ce a hana. Na saya masa takalmi, yana cikin kayan da wani ɗan'uwa zai taho da su Kano a ƙarshen wata, tare da maganin ƙafar Goggo da lafayar Inna. Takalmin a hannunku za a damƙa shi, ba a hannunsa ba.

Inna, a ci gaba da sa ni a addu'a. Yaya, ka ɗauko mini hoton hawa in kun fita kallo, ka gaishe mini da Malam da mutanen zaure baki ɗaya. Zan kira ranar Juma'a bayan kun sauko daga masallaci.

Wassalam,
Ɗanku da ke Greensboro