Wasiƙa daga Landan kan mashayun da aka rufe

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, da iyali, da su Hajiya. Shirun ya yi tsawo har ya fara zama abin kunya a tsakaninmu, sai ga saƙonka kana tambayar ta ina za ka kama rubutunka kan tsofaffin mashayun Landan inda 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ke taruwa. Kai da ko shayi ba ka yarda ka sha a Soho, unguwar Landan da ta yi suna da irin waɗannan mashayu, sai an ja ka da hannu! To, buɗe kunne, don abin yana damuna ƙwarai.

Wuraren ƙarewa suke yi. Binciken da jami'ar UCL ta fitar a 2017 ya nuna a 2006 akwai irinsu 125 a birnin, zuwa 2017 saura 53. Mashayar Black Cap ta unguwar Camden, inda maza masu shigar mata suka shekara da shekaru suna wasa a dandamali, an kulle ta a Afrilun 2015. Joiners Arms ta titin Hackney ta riga ta da wata uku. Coleherne ta Earl's Court tun 2008 ta koma gidan abinci da wani suna. Gateways, ta mata, wadda ke ƙarƙashin ƙasa a Chelsea bayan wata koriyar ƙofa, tun 1985 ta rufe. Dalilin kusan ɗaya ne: filin ya fi cinikin giya daraja. Mai gini ya ga in ya rushe ya ɗora gidajen haya zai fi samu. In kuma bai rushe ba, sababbin maƙwabta su kai ƙarar hayaniya, a rage wa wurin lokacin tashi, ciniki ya mutu.

Kada ka rubuta cewa doka ta kare su, don kariyar rabi ce. A ƙarƙashin dokar 2011 da ake kira Localism Act, mutum 21 masu rajistar zaɓe a yankin na iya neman ƙaramar hukuma ta sa mashaya cikin jerin kadarorin da al'umma ke amfana da su. Hukuma na da mako 8 ta yanke, rajistar kuma shekara 5 take yi. In mai wurin zai sayar, ana ba jama'a mako 6 su nuna sha'awa, in sun nuna, wa'adin ya zama wata 6 gaba ɗaya su tara kuɗi. Amma ba a tilasta masa ya sayar musu, ba a kuma hana shi sa kwaɗo. Black Cap ta sami wannan rajista, kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe ta. Royal Vauxhall Tavern ta fi sa'a: a Satumbar 2015 aka sa ta cikin gine-ginen tarihi, ita ce ta farko a ƙasar da aka yi wa haka saboda tarihin waɗannan mutane. Ko wannan bango da rufi yake karewa, ba ya hana a sauya masu shiga. Abin da ya fi ƙarfi a ganina shi ne sharaɗin da ƙaramar hukumar Tower Hamlets ta gindaya a 2017, cewa duk ginin da za a yi a gurbin Joiners sai an ware musu wuri a ciki na shekara 25.

Af, ƙanenka ya iso, ya rame amma yana nan lafiya. Ya ce har yanzu kana riƙe da jakar nan, kuma wai ka ce kyauta ce. Allah ya shirye ka.

Mashayun otal su za su fi ba ka wahala, kuma su na fi so ka dage a kai. Kafin dokar 1967, wadda ta daina hukunta maza 'yan shekara 21 zuwa sama a kan abin da suka yi a keɓe a Ingila da Wales, babu wurin da zai kafa allo ya ce ga mu. Otal ya dace da ɓuya, domin baƙo ba abin tambaya ba ne a can. Mashayar ƙasa ta otal ɗin Ritz ta yi suna da wannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana kiranta Pink Sink. Irin waɗannan ba su bar talla ko hoto ba, shi ya sa sai ka bi ta bayan gida: takardun kotu da rahoton 'yan sanda. Sai dai ka tuna wanda ya rubuta su kamu ya je yi, ya ga laifi, bai ga zumuncin da ke wurin ba.

Na bayan 1970 sun fi sauƙi. Jaridar Gay News daga 1972 zuwa 1983 da Capital Gay daga 1981 zuwa 1995 sun riƙa buga jerin wurare da adireshi. Ka nemi taskar takardun tarihi ta Hall-Carpenter a jami'ar LSE da ta cibiyar Bishopsgate Institute, sannan ka gwada kowane adireshi da rajistar lasisi, saboda sunayen mashaya na sauyawa, lambar gida kuwa ba ta cika motsi ba.

Hira da tsofaffi ita ce gaggawa, don cutar kanjamau ta ɗauki da yawa tun shekarun 1980, sauran kuma sun manyanta. Ka sami izini a rubuce, ka bar mutum ya zaɓi a ɓoye sunansa, wasu har yau danginsu ba su sani ba. Kada ka tambayi shekara, za su haɗa maka biyu wuri ɗaya. Tambayi ta wace ƙofa ake shiga, wa ke tsaye a bakinta, tagogi a rufe suke ko a buɗe. Ka ba shi takarda ya zana ɗakin. Samamen da 'yan sanda suka kai Royal Vauxhall Tavern a 1987 sanye da safar hannu ta roba, da bam ɗin da ya kashe mutum 3 a mashayar Admiral Duncan ta Soho ranar 30 ga Afrilu 1999, ka bar su sai ƙarshen hira, kuma in ya yi shiru kada ka matsa.

Ka turo mini babin farko kafin ka kai wa shugaban sashenku. An ce bikin 'yar Baffa bayan Sallah ne, gaskiya ne? Ka gaida amarya tun yanzu, da su Hajiya.

Naka a kullum.