Godiya ga ofishin tallafa wa ɗalibai masu son kafa sana'a

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta muku wannan, kullum sai in ce gobe, to yau dai na zauna.

Ni ce matar nan da ta shigo ofishinku da tsohuwar jaka cike da takardu, shekarata 44 lokacin, ina ajin ƙarshe a sashen nazarin halayyar ɗan Adam, 'yan ajinmu duk sa'annin ɗana na fari ne, Mama suke ce min, ranar farko ma wani yaro tashi ya yi tsaye ya ɗauka ni ce malamar. Rabona da aji ya kai shekara 20, ga kwamfuta ban iya ba, aikin da yaran nan ke gamawa kafin la'asar ni sai in kai tsakar dare ina laluben haruffa da yatsa ɗaya.

Burina shi ne in buɗe wurin da mai damuwa zai zo ya zauna a saurare shi. Har alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na haddace, cewa a 2019 mutum 1 cikin 8 a duniya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, wajen miliyan 970, na zuba wa Malamar da ke teburin farko kamar ina gaban mai jarrabawa. Ta bar ni na gama tsaf sannan ta ce, to Mama, in wani ya zo ya ce miki yana tunanin kashe kansa, wa za ki kira? Wallahi shiru na yi.

Ta ce ko allon suna kada in sa a rubuta sai na samo likitan ƙwaƙwalwa da asibitin da zan riƙa tura wanda abinsa ya fi ƙarfina, tunda ni mai ba da shawara ce, ba na rubuta magani. Gaskiya na ji haushi, sati 2 ban koma ba, ina ganin an raina ni, sai ga saƙonku a waya wai ina na shiga. Da na dawo ku kuka zauna da ni muka tsara takardar amincewa da mutum zai sa hannu, da bayanin cewa sirrinsa sirri ne sai fa in rai na cikin haɗari, har maganar kabad mai makulli na ajiye fayil ba ku bari ba.

Maganar kuɗi kam da Malam na ofishin naku muka fi ja, ni kunya nake ji, mutum ya zo yana hawaye ka ce ya biya? Ya ce in ba ki biya haya ba a kulle ƙofar, ina mai hawayen zai je? Shi ya sa na raba asusun sana'a da nawa, na kuma ware rana guda a sati ga marasa hali.

Ranar 10 ga Oktoba na buɗe, na zaɓe ta ne don ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Malama, takardar nan mai lambobin wayar likita da asibiti tana nan manne a bango bayan kujerata, sau 3 ke nan ina amfani da ita. Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a. Ina nan tafe da kaina in gaishe ku, da jakar tawa.