Jemagu da Mangwaron Baba

Yauri, Jihar Kebbi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya zafin Kano? Mu nan sai godiya.

Ka tambayi jikin Baba. Da sauƙi, amma sugan nan ya hana shi sakat. Makon jiya mun auna da safe kafin ya karya, na'urar ta nuna 240, alhali likita ya ce daga 126 ma an shiga ciwon. An rage masa tuwon shinkafa, an raba shi da shayi mai sukari, mangwaro kuwa sai ɗan yanka guda.

Ka tuna bishiyar bakin rijiya da ya dasa da hannunsa? Bana ta yi 'ya'ya har rassa na gugar katanga. Magariba na yi jemagu za su sauko mata, da safe sai mu share ƙwallaye tsotsattsu, fari fat. Rannan yana kan tabarma yana kallonsu, ya ce a hankali, "Su kam ba mai hana su." Wallahi sai da na juya baya na share hawaye. Daren nan na hau bincike.

Ashe masana sun riga mu mamaki. A 2024 wasu daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun kwatanta jemagen Jamaika mai cin 'ya'yan itace da wani mai cin ƙwari. Na farkon yakan cinye abin da ya kai nauyinsa sau biyu a kullum, amma ciwon suga bai san shi ba. Gaɓar cikinsa da ke samar da insulin, wato sinadarin da ke sauke suga a jini, ta fi ta ɗan'uwansa yawan ƙwayoyin wannan aiki, haka ma masu samar da gulukagon, wanda ke ɗaga suga idan ya faɗi. Ƙodarsa kuma tana tattalin gishiri, tunda abincinsa ruwa ne da zaƙi. Da na faɗa wa Baba, ya jima shiru, sannan ya ce, "Allah buwayi gagara misali."

Wani maƙwabci ya kawo shawarar a dafa masa jemagen. Na ƙi sam. Baiwar a halittarsa take, ba ta bin romo, ga shi jemagu na ɗauke da cututtuka.

Kai ma don Allah ka je ka auna, na san ka da lemon kwalba. In za ka zo Sallah, taho mana da tsinken awo kwali biyu, a nan ya yi tsada. Baba na gaishe ka, ya ce mangwaronka na jiranka.

Naka har kullum.