Wasiƙa a Kan Ranar 15 ga Janairu

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, na ga tambayarka game da ranar da ta fi kowace cika da tarihi a wurina, kuma ba na shakkar cewa 15 ga Janairu ce.

A daren wannan rana ta 1966 wasu matasan hafsoshi, cikinsu har da Manjo Nzeogwu, suka yi juyin mulkin farko a Najeriya. An kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu, aka kashe Firimiyan Jihar Yamma Samuel Akintola a Ibadan, aka tafi da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa daga gidansa na Legas, sai bayan kwanaki aka tsinci gawarsa. Manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari ba su tsira ba. Allah ya jiƙansu. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, shekara huɗu cif bayan haka, a 1970, Philip Effiong, wanda ya karɓi jagorancin Biyafara bayan Ojukwu ya tsere, ya miƙa wuyan Biyafara ga Janar Yakubu Gowon a barikin Dodan da ke Legas, wato ranar da ta kunna wutar rikicin ita ce ta ga ƙarshen yaƙin basasar da ya biyo baya. Shi ya sa aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa wannan rana.

Ta fuskar haihuwa kuwa, a 1918 aka haifi Jamal Abdul Nasir a Iskandariyya, sojan da ya jagoranci kifar da Sarki Faruk a 1952, ya kuma mayar da mashigin ruwan Suez mallakar Masar a 1956. Shekara 11 bayansa, a 1929, aka haifi Martin Luther King a Atlanta ta Amurka, malamin coci wanda ya nemi 'yancin baƙar fata ba tare da ya ɗauki ko sanda ba, ya sami lambar yabo ta Nobel a 1964, amma harsashi ya yi ajalinsa a Memphis a 1968 yana da shekara 39. A ganina kuskure ne a nemi wani sirri a haɗuwar mutanen nan biyu, domin kwanakin shekara kaɗan ne, mutane kuwa ba su ƙirguwa. Sai dai da wuya a sami hanyoyi biyu na neman canji da suka yi hannun riga kamar nasu.

Akwai jini kuma a Berlin, inda sojoji suka kashe jagororin 'yan gurguzun Jamus, Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht, a wannan rana ta 1919. Mai daɗin ji ɗaya da zan ƙara maka shi ne na 2009, lokacin da wani jirgin sama ya sauka a kan kogin Hudson na New York, kuma duk mutum 155 da ke cikinsa suka tsira da rayukansu.

Ina jiran in ji taka ranar da dalilanka. Ka gaishe mini da mutanen gida, ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Amininka