Ƙurar Wurin Gini Ma Tana Kisa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini in yi magana kan magina da leburori. Ba a tunawa da su sai ranar da bene ya rufta: a ɗauki hoton ɓaraguzai, a ƙirga gawarwaki, bayan kwana biyu a wuce wani labarin. Ba musu, faɗowa daga sama da ruftawar rami suna kisa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta taɓa ƙiyasta cewa aƙalla mutum 60,000 ke rasa rai a haɗurran wuraren gini duk shekara. Sai dai wannan lissafi na haɗari ne kawai. Wanda aikin ya riƙa ci a hankali har ya kwantar da shi a gida ba ya ciki.

Ku tsaya kusa da mai yanka tayil ko bulo a bushe. Kafin a jima farar ƙura ta rufe masa gira da gashin hanci, ya jawo wuyan rigarsa ya toshe baki, ya ci gaba da aiki. Cikin ƙurar nan akwai silika, ɓurɓushin yashi da dutse, kuma mai illar ita ce wadda ido ba ya gani don laushi. Tsumma ba ya tare ta. Tana kaiwa can ƙarshen huhu ta zauna, huhun ya yi tabo ya taurare. Cutar silikosis ke nan, ba ta warkewa, kuma mai ita ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Sau da yawa sai bayan shekara 10 ko fiye take bayyana, lokacin ɗan kwangilar ya daɗe da manta fuskar mutumin. Tun 1997 hukumar binciken ciwon daji da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta sanya ƙurar silika cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Abin haushin shi ne rigakafin ba wuya. Idan ruwa yana zuba kan faifan injin yayin yanka, mafi yawan ƙurar ba ta tashi. A yayyafa ruwa kafin shara, a ba mutum takunkumin da aka yi don ƙura. Nawa wannan zai rage a ribar gini?

Ɗanyen siminti ma ba a ɗauke shi bakin komai ba, alhali ƙuna yake yi. Idan kwaɓin kankare ya shiga takalmin roba, lebura ba ya jin zafi nan take. Sai yamma ya cire ya tarar fata ta saluɓe. Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa kuma yana jawo ƙaiƙayi da tsagewar hannu, shi ya sa tun 2005 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawansa a siminti.

Nakan ji masu gini suna cewa ai leburori ne ba sa son hular kwano da safar hannu. Akwai masu ganganci, gaskiya ne. Amma mai aikin yini, wanda ya san akwai wani a bakin ƙofa yana jiran gurbinsa, da wane baki zai ce ba zai hau katakon da ke rawa ba? Yarjejeniyar ILO mai lamba 167 ta 1988 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin samar da kayan kariya ba tare da ma'aikaci ya biya ba, ta kuma ba ma'aikaci damar janyewa idan ya ga haɗari na gab da afkawa kansa.

Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilanku wuraren da gini bai rushe ba. Su tambayi wa ya sayi takunkumi, wa ya duba katakon hawa da safe, wa kuma ke biyan kuɗin asibiti idan tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na gode.

Naku,
Wani mai karatu