Wasiƙa zuwa ga autata a kan mawaƙan Koriya

Assalamu alaikum, Auta.

Da fatan kin koma makaranta lafiya, karatu kuma ya kankama. Babanki da yayyenki suna gaishe ki. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun kina gida, na ga gara in rubuto, don a waya ba kya barina in kai aya.

Kin tuna Juma'ar da na tashi sallar asuba na tarar da ke zaune a bakin gado, hasken waya a fuskarki, idanunki jajir? Kika ce sabuwar waƙa za a saki, Koriya ta riga mu da awa 8, ƙarfe 1 na ranarsu shi ne 5 na asubarmu. Ban tanka ba. Bayan tafiyarki na zauna na bibiyi labarin mutanen nan, domin ba na son in yi miki faɗa a kan abin da ban sani ba.

Gaskiya sun burge ni. Ƙasa ce da yaƙi ya ɗaiɗaita daga 1950 zuwa 1953. Da tattalin arzikinsu ya durƙushe a 1997, gwamnatin shugaba Kim Dae-jung ta ɗauki waƙa da fim tamkar mota da talabijin, hajar da za a fitar waje. Mawaƙan BTS ɗin naki su 7 ne, daga ƙaramin kamfani suka fito a 2013. A 2018 jagoransu RM ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya, a 2020 suka hau saman jadawalin waƙoƙi na Billboard na Amurka. Da lokacin aikin soja na dole ya zo, duk ɗaukakar nan ba ta hana su amsa kiran ƙasa ba, ɗayansu mai suna Jin ya fara tafiya a Disamban 2022. Wannan kam abin a yaba ne.

Sai dai abin da ke bayan labule ya hana ni barci. Kamfani yana ɗaukar yarinya ba ta ma kai shekarunki ba, ya ajiye ta a gidan kwana, rawa da waƙa daga safe har dare, jarrabawa duk wata, ana auna nauyinta, ana sa ido a kan lomarta. Jihyo ta ƙungiyar Twice shekara 10 ta yi a haka kafin ta fito. Da yawa kuwa sallamarsu ake yi, ƙuruciya ta tafi, karatu ya tafi, ba wanda ya san sunansu. A 2009 mutum 3 daga ƙungiyar TVXQ suka kai kamfaninsu kotu a kan kwantiragin shekara 13, a shekarar ce kuma hukuma ta ƙayyade shi a shekara 7. Wata mawaƙiya mai suna Sulli ta rasu a Oktoban 2019 tana da shekara 25, ƙawarta Goo Hara ta bi ta a Nuwamba tana da 28, dukansu sun sha zagi da cin mutunci a intanet. Da na ga hotunansu suna murmushi sai da na yi hawaye, don su ma 'ya'yan wasu ne, uwa ce ta goya su.

Yanzu ga inda abin ya shafe ki. Ɗan katin hoton nan da kika maƙala a bayan wayarki, na gano cewa a cikin faifai ake saka shi ba tare da mai saye ya san na wa zai samu ba, don wadda ba ta dace da gwaninta ba ta sake saye. Ƙaunar da ke zuciyarki ta gaskiya ce, Auta, amma akwai masu lissafa ta a ofis, sun san nawa za ta kawo musu. Kuɗin data da kika karɓa sau uku a wata guda, can ya tafi.

Na kuma ga man bilicin da kika ɓoye a ƙasan akwati. Fuskokin da kike gani an yi musu kwalliya ta awanni, an haska su da fitilu, an gyara da kwamfuta. Fatarki irin ta kakarki ce, wadda har ta koma ga Allah ana maganar kyanta. Don Allah ki zubar da shi.

Ban hana ki sauraro ba. Amma ki nemi ma'anar abin da bakinki ke rerawa, kada ki shiga zage-zagen da magoya baya ke yi wa juna, kuma in asuba ta yi, alwala kafin waya. In harshen ne ya shiga ranki, cibiyar al'adun Koriya da ke Abuja tana koyar da shi. Ki kawo mini sakamako mai kyau, ni zan shawo kan babanki.

Na ba direba kilishi da yajin da kike so, zai iso ranar Asabar. Ki ɗiba wa abokan ɗakinki, ki kira ni in ya zo.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki